Kifin Firizar Yaya Rebecca

Ni fa ban taɓa jefa ƙugiya a ruwan Ingila ba, amma duk kifin da ya shigo gidanmu a Moss Side ni ke feɗe shi. Shi ya sa na riga kowa sanin cewa kifin tafkin su Baban Delight yunwa yake ji.

Mijina Nehemiah, wanda nake kira Baban Delight, ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa bas a Manchester kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Da ya bar aiki sai ya koma kamar kujerar falo, ba magana, ba dariya. Abin da ya dawo mini da mijina shi ne wani kulob na masu kamun kifi, kusan dukansu Turawa, da suke da ɗan tafki can bayan gari wajen tuddai. Kifi iri ɗaya suke zubawa a ciki duk shekara, wanda ake kira trout. Da suka ga shi mai riƙon amana ne, sai suka damƙa masa makullin ƙofar shingen tafkin, ya zama mai lura da wurin. Ko a coci za ka ga hannunsa a aljihu yana shafa makullin nan, sai ka ce sarauta aka naɗa masa.

Shekarar farko kifin da yake kawowa sai na sa hannu biyu. Ga kitse, ga tsoka ja-ja. Daga nan aka yi sabon shugaban kulob, Mista Holroyd, mutum mai son a tafa masa. Shi a ganinsa, in kowa ya jefa ƙugiya ya ciro nan take, to kulob ya ci gaba. An saba zuba kifi ɗari shida, ya mai da shi dubu, shekara ta zagayo ya ƙara ɗari biyar. Ni kuwa a kicin ina kallon abin da ke faruwa: kai yana nan ƙato, jiki yana tsukewa kamar na mai jinya.

A Panyam na girma, babana ma'aikacin gonar kifi ne. Tun ina ƙarama na san ruwa yana da iyakar bakin da zai iya ciyarwa. Na ce, "Baban Delight, kifinku sun yi wa tafkin nan yawa. Ka gaya musu."

Ya gaya musu har sau uku, da irin ladabinsa na direban bas. Suka ce sun gode. Bana Mista Holroyd ya yi odar dubu biyu. Ranar da motar kifin ta iso, mijina da bai taɓa ɗaga wa Bature murya ba ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, ya ƙi buɗewa. Direban motar ya gaji da jira ya juya. Kai, ranar har rawa na taka a kicin!

Murnata ba ta kwana biyu ba sai ga wasiƙa. An kira taron kulob ranar Lahadi da ƙarfe uku, za a karɓe makulli. Holroyd ya rubuta cewa girman kifi bai ragu ba ko kaɗan, zato ne kawai na mutum ɗaya, kuma babu wata shaida. Baban Delight ya koma kujerar falo ya yi tagumi.

"Gaskiyarsa ce, Murna," in ji shi. "Duk kifin bara da bara waccan an cinye. Me zan nuna musu?"

An cinye? A gidan wa? Nan take na tuna da Yaya Rebecca.

Yayata tana Lozells, a Birmingham. Duk shekara in an buɗe kamun kifi, na farkon da Baban Delight ya kama ita muke aika wa, ɗungurungum da kai da jela, don mu ba ma yar da kai kamar Turawan kulob. Ita kuma Yaya Rebecca, Allah ya sani, ba ta cin abu mai kyau. Ajiye wa manyan baƙi take yi, kuma har yau ba a haifi baƙon da ya kai ba. A kicin ɗin gidan kula da tsofaffi take aiki, inda komai sai an manna masa kwanan wata, hannunta ya saba har a gida.

Asabar da safe na hau coach, babbar motar zuwa Birmingham. Na same ta tana tsince wake.

"Yaya, kifin nan da muke aiko miki, suna nan?"

"Me ya faru? Kyauta ake biyowa a karɓa yanzu?"

"Aro na zo."

"Aron kifi? Murna, lafiyarki kuwa?"

Na ba ta labari. Ta ture tiren wake, ta ɗaura zani, muka buɗe firizar nan tata mai kama da akwatin gawa. Muka ciro kaji, muka ciro ganda, muka ciro yakuwar da ni kaina ban san shekarunta ba. Can ƙasa sai ga su, guda huɗu, kowanne a ledarsa da kwanan wata da rubutun hannunta. Da muka jera su a kan tebur, Yaya ta riƙe haɓa.

"Tabɗi! Wannan na ƙarshen ai ɗan autan na farkon ne. Ki dawo mini da su fa, ina da baƙi."

Lahadi da sassafe na tura Baban Delight tafki, na ce ya kamo mini ɗaya kafin coci. Ya kawo wani abin tausayi, duk kai. Bayan coci, yana wanka na lalube aljihun wandonsa.

Ɗakin taron kulob ɗin ya cika, maza wajen talatin, mace ni kaɗai, da kular sanyi a hannu da ɗankwalin coci a ka. Holroyd ya yi jawabi mai tsawo a kan doka da oda. Da ya gama ya dube ni ya ce da Turanci, wurin na 'yan kulob ne kawai.

Na ce, "Ni ba magana na zo yi ba. Kifinku na rako."

Na buɗe kula na jera su a gabansa, shekara bi shekara, na ajiye na safiyar nan a ƙarshe. Mutane suka fara tasowa suna karanta rubutun Yaya Rebecca. Wani ya gwada na farko da damtsensa, ya gwada na ƙarshe da tafin hannu.

Fuskar Holroyd ta yi ja. Ya ce wannan ba hujja ba ce, kuma ko ma mene ne, Nehemiah ya karya doka. Ya miƙo hannu. "Makulli."

Mijina ya miƙe a hankali ya sa hannu a aljihu. Na ga idonsa ya cika, raina ya ƙara ɓaci. Ya laluba dama, ya laluba hagu, sai ya juyo ya dube ni.

"Murna, ina makullin?"

"Yana cikin wancan," na ce, na nuna na safiyar nan. "Ta baki na tura shi." Na zaro wuƙar kicina na ajiye a gaban Holroyd. "Kana son makulli, bisimilla. Ka feɗe shi da hannunka a gaban jama'a, kowa ya ga abin da kifinka yake ci."

Ya tsaya yana kallon wuƙar, ya ƙi taɓawa. Sai wani tsoho mai suna Entwistle, wanda aka ce da shi aka kafa kulob ɗin, ya ja kujerarsa ya matso. Ya ɗauki wuƙa ya tsaga cikin, ya buɗe shi da yatsu biyu. Ba kitse, ba ƙwaro, ba ko ɗigon abinci. Hanjin kamar zare. Makulli kaɗai ne ya faɗo kan tebur, ƙwal.

Holroyd ya kawo hannu. Tsoho ya riga shi ɗauka, ya goge da hankicinsa, ya ce wanda ya yarda a koma ɗari shida ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, ban ma tsaya ƙirgawa ba. Tsohon ya tako da ƙyar, ya wuce Holroyd, ya sa makullin a tafin mijina ya naɗe masa yatsu a kai.

Baban Delight ya mayar da shi aljihu. Ni kuwa na kwashe kifin Yaya guda huɗu na mayar cikin kula. Na biyar ɗin na tura wa Holroyd gabansa.

"Wannan naka ne," na ce. "Kai ka yi kiwonsa, kai za ka ci."