Sabon Jakin Jita

Bis na biyar, cikin ƙusoshi masu murɗi da ke riƙe da jakin jitar, ya ƙi fita. Alfari ya danne jitar da gwiwarsa a kan tabarma, ya sake kafa turnabis da hannun dama, ya murɗa har ƙarfen ya zame ya karce jan fentin. Ya tsaya yana kallon karcen. Da a da ne, da ya yi tsaki. Yanzu busa wurin kawai ya yi, ya sake gwadawa.

Hannunsa na hagu yana kan cinyarsa, tafin a sama, yatsun a ɗan lanƙwashe. Duk inda aka ajiye shi, nan yake zama.

Jitar ba wata mai tsada ba ce. A kasuwar Malanbil, ƙetaren kogi, ya saye ta shekara tara da suka wuce, a shagon wani mai sayar da rediyo da tocila. Muryarta ba laifi, amma jakinta, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a gindin jita, na banza ne. Yana da siririyar sanda da ake dannawa don sauti ya yi rawa kamar kuka, sai dai da ka taɓa ta sau ɗaya, tsirkiya shida duk su saki layi. Dole ya cire sandar ya jefa a aljihun jaka. Haka ya yi ta kiɗan biki da suna daga Gaya har Zabori, yana jin wannan kukan a kansa, jitar ba ta iya fitar da shi.

Bara ya ba Jibo, wani direban babbar mota mai zuwa Kotonu, sautun jaki na kirki. Aka rufe gadar kan iyaka, motoci suka yi layi a ƙetare, kayan suka maƙale. Ana cikin jira aka kira ƙungiyarsu kiɗan biki a Yelu. Bayan la'asar, yana tsakiyar waƙa, yatsunsa suka sauka daga wuyan jitar, ya ga mutane suna rawa amma ƙasa tana matsowa. A Doso likita ya ce hawan jini ne. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe. Hannun bai dawo ba, ga shi wata huɗu ke nan.

Jiya Jibo ya tsallako da ƙunshin a kwalekwale. Ya ajiye shi a bakin tabarma, ya yi ta gaisuwa yana kallon bango, ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Bis ɗin ya saki. Alfari ya fitar da na shida, ya kifar da jitar, ya buɗe bayanta inda rasor uku, wato naɗaɗɗun wayoyi masu talewa, ke jan jakin. Nan hannu ɗaya ya gaza.

"Bibata," ya kira matarsa.

Ta fito daga wajen bandar kifi, idonta ja saboda hayaƙi, tana goge hannu da zane. Ta dubi kayan da ya baje.

"Baban Saratu, tun safe ba ka ci komai ba."

"Riƙe min nan."

Ta durƙusa ta danne jitar da hannu biyu. Ya zare rasor ɗaya bayan ɗaya, tsohon jakin ya faɗo a tabarma, sakayau kamar gwangwani. Sabon kuwa da nauyi, gindinsa ƙarfe ne sosai. Ya ɗora shi a wurin. Ramuka huɗu sun dace, biyu na gefe sun kauce kaɗan.

"Bai shiga ba?" in ji ta.

"Zai shiga."

Ya fere tsinken itace da wuƙa yana riƙe shi tsakanin yatsun ƙafa, ya shafa kwal, wato gam ɗin kafinta, ya cusa a tsofaffin ramukan. Suka zauna jiran ya bushe. Kuturun zafi ne na bakin kogi, iska ba ta motsi. Can kan titi kabu-kabu na wucewa da buhunan albasa zuwa tashar jiragen ruwa. Bibata ta buɗe baki kamar za ta tambaye shi wani abu, sai ta miƙe ta je ta juya kifinta.

Da ta dawo ya ba ta ƙusa ta riƙe, ya buga sababbin ramuka da ƙaramar guduma. Ba ta janye yatsunta ba ko sau ɗaya. Yana ɗaure bis na ƙarshe aka yi sallama.

Alassan ne, wanda shekara shida yana bin bayansa da jita ta biyu a ƙungiyar. Ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma, suka gaisa, ya tambayi jiki, aka ce da sauƙi. Sai idonsa ya faɗa kan jitar.

"Kai, ya iso ashe!"

"Jiya."

Alassan ya shiga murza makullin mashin ɗinsa. "Yaya, na zo ne da magana. Asabar muna da biki a Zabori. Mutanen sun ce... sun ce ni in hau gaba. Mun samo wani daga Doso zai riƙe ta biyu. Na ce ba zan amsa ba sai na zo ka ji daga bakina."

Alfari ya saurari cikinsa ko wani abu zai motsa, haushi ko baƙin ciki. Bai ji komai ba. Kamar an gaya masa farashin rogo a wani gari.

"To," ya ce. "Ɗaura min tsirkiyar nan."

Alassan ya karɓa da sauri, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya zura tsirkiya shida, ya ɗaure, Alfari na taya shi danne wuyan jitar da damtsensa na hagu, yana faɗin wadda ta yi sama da wadda ta yi ƙasa. Jakin ya ɗaga gindi. Alfari ya sa aka kifar da ita, ya ƙara ɗaure rasor ɗin zagaye biyu, aka sake daidaitawa. Sau uku suna haka kafin ya kwanta yadda yake so. Bibata ta jawo ampili, akwatin ƙara sauti, daga ɗaka, ta kaɗe ƙurar da ke kansa, ta haɗa waya.

"Bismilla, Yaya." Alassan ya miƙo jitar, sannan ya tuna, hannunsa ya tsaya a iska.

Alfari ya karɓa ya ɗora a cinya. Ya ja babban yatsa a kan tsirkiyar a sake, ya kama sandar ya danna. Sautin ya nutse ƙasa, ya yi rawa, ya taso. Ya sake kaɗawa. Kowace tsirkiya tana wurinta. Ya danna da ƙarfi har ƙasa, ya saki, ya kaɗa. Ba wadda ta kauce.

"Kaɗa," ya ce, ya mayar masa.

Alassan ya fara a hankali, sannan yatsunsa suka bi hanyar da suka saba, suka shiga waƙar masunta wadda Alfari ya tsara da kansa. A ƙarshen kowace gaɓa ya taɓa sandar, jitar ta yi kukan nan. Haka yake, daidai yadda Alfari ya ji shi a kansa shekara tara. Matan maƙwabta suka leƙo ta saman dangar kara. Bibata ta juya baya ta koma wajen hayaƙinta.

"Kana danna ta da yawa," in ji Alfari da aka gama. "Taɓawa ake yi, ba murɗawa ba."

"To, Yaya."

"Tafi da ita Asabar."

"A'a, wallahi ban zo don..."

"Na sani. Sa ta a jaka."

Alassan ya yi ta rantsuwa zai dawo da ita Lahadi da safe. Ya rataya jakar a baya, ya tada mashin, ƙarar ta ɓace wajen kasuwa.

Bibata ta zo da tuwon masara da miyar kifi ta ajiye. Ta zauna kusa da shi, ta buɗe gwangwanin man kaɗanya don ta murza masa hannun kamar yadda likita ya ce a riƙa yi. "Ka ba shi ke nan?"

"Aro ne."

Ta lakato man. Ta ɗago hannun ta juya shi, sai ta tsaya. Bakin tsirkiya ya tsaga shi daga wuyan hannu zuwa tsakiyar tafi, jinin har ya bushe ya yi baƙi a jikin wandonsa.

"Yaushe wannan ya faru?"

Alfari ya sunkuya ya duba da kyau.

"Ban sani ba," ya ce. Ya jawo kwanon da hannun dama ya fara cin abinci, ita kuma ta tashi ɗebo ruwan ɗumi.