Gyaran Gwaggo Raƙiya

Balkisu ta mayar da ƙullin yajin kan faranti, ta dubi mai yajin.

"Tambaya guda na yi maka. Da fulawa ciki ko babu?"

"Ɗan kaɗan ne, Hajiya, don shi yi auki. Wa fulawa ta taɓa kashewa?"

Ta wuce abinta, don in ta buɗe baki sai an taru. Wannan "ɗan kaɗan" ɗin ya ishe ta. Shi ne ya kumbura cikin 'yarta Jannatu, ya mayar da ƙafafunta kamar sillen kara, har likita a Yamai ya gano hanjin yarinyar ba ya karɓar alkama, ko da ƙurarta ce. Tun da aka raba ta da alkama ta fara yin kumatu. Amma a watan jiya, a gidan suna, wata tsohuwa ta miƙa wa Jannatu fanke, kunya ta rufe wa Balkisu baki. Yarinya ta kwana tana murɗawa a tabarma, Balkisu na tsine wa kunyar.

Tun safe take yawo a kasuwar Tawa. Mai kanti ya rantse mata makaroni ba alkama ba ne, makaroni ne kawai. Mai injin niƙa ya ce injinsa tas yake, alhali gashin girarsa fari fat da fulawa. Abin da ta samu duka sabuwar rariya ce da muciya, don na gida sun taɓa fulawa.

Wuri ɗaya ya rage mata, rumfar Gwaggo Raƙiya, yayar mahaifinta, mai sayar da gari. Ita ke aikawa a daka mata gero a ƙauyen Kalfu, cikin turmin da bai san alkama ba, har ta ware kwanon awo daban saboda Jannatu.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Balki, ke ce? Ina ƙawata Jannatu? Ta lahiya?"

"Lahiya lau, tana lakkwal wurin karatu."

Gwaggo ta auna garin da kwanon Jannatu, ta juye a buhun Balkisu. Sai ga wata mai fanke ta iso da gaggawa. Gwaggo ta juya ta auna mata fulawa, ta shafe bakin kwano da tafin hannu, tana ba Balkisu labarin ciwon gwiwarta. Tana cikin labarin ta cusa hannun nan, fari har wuyansa, cikin garin gero, ta damƙo ta watsa a buhun Balkisu.

"Ga gyara, don ƙawata."

Balkisu ta tsaya tana kallon buhun.

"Gwaggo, kin ɓata shi."

"Mi na ɓata?"

"Garin duka. Nawa da naki. Dubi hannunki."

Gwaggo ta dubi hannun, fuskarta ta canza. "Hannun ga da ya yi miki wankan jego shi ne ƙazanta yau? Gyara ake maidowa, Balki? Wa ya koya miki wanga?"

"Ɗiyata ta koya mini!" Muryarta ta fita fiye da yadda ta so, masu rumfunan kusa suka juyo. "Sau nawa za ni hwaɗi? Kowa ɗan kaɗan, kowa don ƙauna. In dare ya yi ni kaɗai ke riƙe ta tana kuka. Ba ni ɗauka, Gwaggo. Wallahi ba ni ɗauka."

Ta ajiye buhun a gaban tsohuwar. Ba ta taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba, kuma ta san kafin azahar maganar za ta isa kunnen mahaifinta.

Ta zaga layin masassaƙa ta sayi turmi da taɓarya, ta auni tsabar gero da za ta wanke ta daka da kanta. Hanyar fita ɗaya ce, dole ta sake bi ta gaban rumfar. Ta sunkuyar da kai.

"Balki."

Ta tsaya. Idanun Gwaggo sun yi ja. Ta miƙo wani ƙunshi mai ɗumi, mai ya jiƙa takardarsa.

"Ya wuce. Amshi, ki kai ma ƙawata, kar ta ce na mance ta."

Fanke ne.

Balkisu ta dubi ƙunshin, ta dubi tsohuwar. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu.

A bakin kasuwa ta sauke turmin ta zauna a kansa. Ta cinye fanken ɗaya bayan ɗaya, tana turawa da ƙyar, hawayen takaici na zuba. Sannan ta roƙi buta wurin mai shayi, ta kurkure baki, ta wanke hannuwanta har gwiwa, kafin ta tsayar da ɗan kabu-kabu.