Sunan da Inna Husaina Ba Ta Faɗa

Shekara talatin da huɗu ke nan da Inna Husaina ta haifi ɗanta na fari, kuma a tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Zakariyya aka raɗa masa, amma ita sai dai ta ce "wancan" ko "yaron nan", in kuwa ranta ya ɓaci ta ce "mutumin". A ƙauyensu can wajen Rano haka ake yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama ana hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke, bai dawo hannun Inna ba sai da ya yi wayo, lokacin har sun tare a Gyadi-Gyadi ita da mijinta, marigayi Malam Shehu direba. Alkunya ce ta gada a wurin iyaye, ba ta kuma taɓa ganin aibunta ba.

Da Zakariyya ya girma sai ya kama tuƙin adaidaita sahu. Ya fara da tramol, wai don kada bayansa ya riƙe, daga nan ya haɗa da kodin. Matarsa ta kwashi 'ya'ya biyu ta koma gidansu. Mai mashin ya zo ya karɓe makullinsa. Ranar da aka tsince shi a bakin kwata a tashar Unguwa Uku yana jijjiga, kumfa na fita ta baki, ƙanin Inna ne, Kawu Tanko, ya ɗauke shi ya kai shi wani asibiti a Tarauni, sashen da ake kwantar da manya masu shaye-shaye.

Sati shida ya yi a can. Sati shidan nan ba ranar da Inna ba ta ɗora tukunya dominsa ba. Yau dambu, gobe tuwon dawa da miyar kuka, jibi ɗanwake da yaji mai yawa kamar yadda yake so. Ta zuba a kula, ta yafa mayafi, ta tako da ƙafarta tun daga Gyadi-Gyadi har bakin ƙofar asibitin. A nan take tsayawa. Sai ta miƙa wa maigadi, wani dattijo Malam Isyaku, ta ce, "Na gado na bakwai. A ce daga Fiddausi."

Fiddausi ƙanwar Zakariyya ce da ke aure a Babban Giji, kuma ko tafasa ɗaya ba ta san da ita ba.

Wata Alhamis da la'asar Kawu Tanko ya shigo gidan yana huci, ya cire hula ya zauna a kan turmi.

"Yaya, yau kam an kore ni."

"Wa ya kore ka?"

"Wannan sistar ta asibiti mana, Mmesoma take ko wa? Ranar Alhamis suna tara 'yan uwa a zauna da mara lafiya. Na je, na zauna, na yi masa wa'azi mai kyau, har aya na jawo. Ban kai rabi ba ta ɗaga mini hannu, wai ba wa'azi aka kira ni ba. Ta ce a ina zai kwana in an sallame shi? Na ce gidan yayata. Ta ce to yayar taka muke nema."

Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta. "Me zan yi musu? Ni likita ce?"

"Akwai maganin da zai riƙa sha safe da yamma, ba a barin sa a hannunsa. Sai wanda suke gida ɗaya ya riƙe, ya ba shi, ya ga ya haɗiye. Kuma duk sati biyu a rako shi gwajin fitsari. Litinin ta sama za su sallame shi, akwai masu jiran gadon." Ya murza hular. "Shi kuma ya ce in ba ki zo ba, ba zai dawo gidan nan ba. Wai tashar Unguwa Uku zai koma, yana da wurin kwana a can."

Hannun Inna ya tsaya a cikin farantin. Ta san abin da ke tashar Unguwa Uku. Can ne waɗanda suka koya masa suke, can aka tsinto shi.

"Mutumin ne ya faɗi haka?"

"Da bakinsa."

"Wato ni zai kafa wa sharaɗi." Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto da ƙarfi har kaza ta zabura. "Duniya ta lalace. Asibiti ya rasa abin da zai koya wa mutum sai rashin kunya."

Amma Alhamis ta gaba, ƙarfe goma ba ta yi ba tana bakin ƙofa. Malam Isyaku ya miƙo hannu zai karɓi kula, ta ce, "Yau ciki zan shiga." Ya dube ta, ya buɗe ƙofa.

A ciki akwai taga inda ake rubuta masu zuwa. Ta bi layi har ya zo kanta. Wani magatakarda mai tabarau ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Sunan mara lafiya?"

"Na gado na bakwai."

"Hajiya, suna na ce. Gado na bakwai akwai a ɗakin maza na ɗaya, akwai a na biyu."

"Wani dogo, baƙi, mai tabo a nan." Ta nuna girarta.

"Ba a neman mutum da tabo a kwamfuta. Mene ne shi a wurinki?"

Ta gyara mayafinta. Ko "ɗana" ba ta iya cewa.

"Ɗan gidanmu ne."

"To ba ki san sunan ɗan gidanku ba?"

Wata mata a bayanta ta yi tsaki. "Baba, in ba ki shirya ba ki matsa, mu ma da namu muka zo."

Zufa ta karyo wa Inna. Ta juya ta ce wa matar, "'Yar nan, sunan annabin nan da ya riƙi Nana Maryamu, faɗa masa."

"Ikon Allah! Yau kuma karatu aka zo yi a layi?"

Dariya ta tashi. Inna ta ɗauki kularta za ta fita, sai ta ji an riƙo gefen mayafinta. Wata nas ce gajera, mai fararen kaya, da ƙaramin gicciye a wuya. Hausarta kuwa ta Kano ce tsaf, don a nan aka haife ta.

"Mama, ke ce mai ɗanwaken nan, ko? Kullum ina hango ki ta taga. Ni ce Sista Mmesoma. Taho, na san wanda kike nema."

Ɗakin da ta kai ta ƙarami ne, da kujerun roba uku da fanka mai ƙara. Zakariyya na zaune a ɗaya. Ya yi ƙiba kaɗan, idon nan da ya yi shekaru yana ja ya washe. Inna ta gan shi da wutsiyar ido, ta ja kujerarta ta juya ta wajen bango.

Ya zame daga kujera ya durƙusa. "Inna, ina kwana."

"Lafiya," ta ce wa bangon.

Sista ta zauna a tsakani. Ta yi bayanin maganin, fari da safe, rawaya da yamma. Ta ce za a yi kwanakin da ba zai iya barci ba, za a yi ranar da zai yi ta faɗa ba dalili, kuma a irin wannan rana ce abokai suke dawowa. Inna ta riƙe kowace kalma, tana gyaɗa kai.

"To Mama, yanzu ki gaya masa abin da kike so daga gare shi."

"Ki gaya masa ya ji tsoron Allah."

"Ga shi nan, Mama. Kunnensa lafiya lau."

"Ki gaya masa ɗakinsa na nan, an share."

"Ni ba zan bi ku gida ba. In ya tashi da safe jikinsa na neman ƙwaya, wa zai gaya wa? In kin ga idonsa ya canza, ta bakin wa za ki tambaye shi? Mun sallami mutane da yawa daga nan. Wanda ya koma gidan da ba mai yi masa magana, ba ya daɗewa muke sake ganin sa, wani ma ba ma sake ganin sa."

"'Yar nan, ku a garinku ban san yadda kuke yi ba. Mu ba a haka."

Sai Zakariyya ya yi magana, kansa a ƙasa. "Sista, ki bar ta. Na gaya miki. Ina shan kwalba biyu a soro, ta wuce ni ta shiga gida, ko kai ba ta ce ba. Auwalu ƙanena sigari ɗaya ta gani a aljihunsa, sai da unguwa ta taru. Ni ko zagi ban isa a yi mini ba. Sati shida ina nan, Fiddausi mai goyo ita ke dafa mini abinci kullum. Wadda ta haife ni, daga Gyadi-Gyadi zuwa nan ya yi mata nisa."

Sista ta buɗe baki, Inna ta daka mata harara har ta rufe. Tsohuwar ta mayar da idonta kan bango. Ta tuna daren farko da ta ji ƙarar kwalba a soro, yadda ta aika a kira Tanko, Tanko ya ce sai ya dawo daga Legas. Ta tuna sau nawa ta aika Auwalu, ta aika liman, ta aika mai unguwa. Kowa ta aika. A ganinta ba abin da ta rage. Yanzu ga shi ƙato da gemu yana tuhumarta a gaban baƙuwa, kuma amsar na bakinta, amma faɗinta ya fi ƙarfinta.

Ta miƙe, ta dangwarar da kular a kan kujera. "A kawo takardar sallamar in dangwala. Magani zan riƙe. Sauran surutun ku ya dama."

Ta dangwala yatsa ta fita. Har ta kai gida tana faɗa ita kaɗai, da asibitin, da magatakarda, da Tanko, da zamanin da ya zo da kujerun roba.

Ranar Litinin da hantsi ta dawo. Aka ba ta maganin a farar leda, ta ƙulle shi a bakin zane. Tanko bai samu zuwa ba. Ta tsaya a inuwar ɗakin maigadi da kularta tana jira.

Zakariyya ya fito da 'yar jakarsa a kafaɗa. Ya dube ta. Ita kuma, kamar yadda ta saba tun yana cikin zanen goyo, ta kawar da kai. Ya ɗan tsaya, sannan ya wuce ta, ya fita titi.

A bakin titi 'yan adaidaita sahu sun yi layi. Waɗanda ke wannan hannun Gyadi-Gyadi suke yi. Shi sai ya tsallaka. Can ɗaya hannun wani na ƙwala kira, "Unguwa Uku! Unguwa Uku mutum ɗaya!" Da ya hango shi ya washe baki. "A'a! Zaki! Ashe ka fito? Shigo, shigo, 'yan tasha na ta cigiyarka."

Inna ta riƙo hannun rigar maigadi. "Malam Isyaku, kira mini shi."

"Wa?"

"Wancan! Mai jaka!"

"Hajiya, ni na gado na bakwai na sani. Kuma muryata ba ta tsallaka titin nan."

Ta fito bakin kwalta. "Kai! Kai yaron nan!" Wani mai tura ruwa ya waiwayo, wani mai sayar da rake ya waiwayo. Motoci na ta wucewa suna oda. Zakariyya ya jefa jakarsa a kujerar baya, ya ɗora ƙafa ɗaya.

"Zakariyya!"

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ba tata ba, har ta tsorata da ita. Ta sake, wannan karon da duk ƙarfin da ta tara na ɓacin rai.

"Zakariyya! Sauko daga mashin ɗin nan, mara mutunci!"

Ya daskare da ƙafa ɗaya a sama. Mai mashin ya ce, "Wace ce wannan kuma?" Zakariyya ya sauke ƙafar. Ya jawo jakarsa, ya tsallako a hankali, har wata mota ta kusa taka shi. Ya zo ya tsaya a gabanta yana kallon ta kamar yau ya fara ganin ta.

Inna ba ta kawar da kai ba, ko da yake wuyanta na so. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ga mutane sun zuba ido.

"Ka ja na yi abin da uwata ba ta yi ba, a tsakiyar titi. Hankalinka ya kwanta?" Ta tura masa kular a ƙirji. "Riƙe nan. Sati shida ina ɗaukar ta, kafaɗata ta gaji."

Ya dubi kular. Murfinta mai tsagin nan ne da aka ɗaure da tsumma, wanda kullum ake kawo masa. Ya dubi Malam Isyaku. Dattijon ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin wata Fiddausi a ƙofar nan ba."

Zakariyya ya buɗe baki zai yi magana.

"Kada ka ce mini komai," in ji Inna. "Tare mana mashin. Rawaya da yamma ne, kuma a gabana za ka haɗiye shi, in duba bakinka."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da mai zuwa Gyadi-Gyadi. Ta shiga tana gyara ƙullin da ke bakin zanenta, tana mita a kan masu asibiti da ba su san girman mutane ba. Ya zauna a gefenta da kular a cinya.