Zoben Bana

Tana cikin goge ƙurji na huɗu a goshin wata amarya a hoton da ke kan kwamfuta, Kawu ya ɗaga labule ya cillo mata filash kan tebur.

"Farfesa, ga irin aikinku na masu ilimi. Wani tsoho ne mai gyaran agogo, wai tauraro ya ɗauka. Duba ki gani ko zai wanku."

Farfesa yake ce mata tun ranar da ta sauka gidansa da digirinta na fiziks a cikin leda. Shekara biyu ke nan. Aikin da ta zo nema bai samu ba, sai ya ba ta wannan ɗaki na bayan shagon hotonsa: kwamfuta, firinta, fanka mai kukan tsufa, kwalayen firam har rufi, ba taga ko ɗaya. Da safe motar Kawu ke kawo ta, da yamma ita ke mayar da ita. Rana ma a hotunan mutane take ganinta. Doka ɗaya ce a shagon, kuma ta ga yadda ta ci ɗan ƙanensa da ya riƙe kujerar kafin ita: wanda ya kunyata Kawu gaban kwastoma, a ranar zai haɗa kayansa.

Ta buɗe filash ɗin. Bidiyo ne na minti biyu, baƙi wuluk, sai wani ɗigo ruwan ƙwai a tsakiya yana rawa kamar kwabo a ƙasan bokitin ruwan da aka girgiza. Ta matso da fuskarta. Can ɗigon ya ɗan tsaya cak, ta ga wani siririn layi ya ratsa shi. Duniyar Zuhal ce, mai zobe. Ta taɓa zana ta a takardar jarrabawa, amma ba ta taɓa ganin wadda wani mutum ya ɗauka da hannunsa ba.

Ta bayan labule muryar tsohon ke shigowa, yana yi wa Kawu bayani a nutse. Da kansa ya haɗa madubin hangen nesa a saman ɗakinsa, ya ɗaura masa kyamara. Idonsa na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuwa likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanzu kamar ta cikin bututun biro yake kallon duniya, bututun kuma kullum ƙara tsukewa yake.

"So nake in riƙe ta a hannuna, a tsaye, ba tana rawa ba. Tun ina iya gani."

"An gama, Baba," in ji Kawu. "Ƙarfe uku ka dawo."

Da ya sake leƙowa ta yi masa bayani, idonta a ƙasa. Iskar sama ce ke sa hoton rawa. A cikin bidiyon akwai hotuna kusan dubu shida, yawancinsu sun lalace. Akwai manhajar da za ta tace su, ta zubar da marasa kyau, ta ɗora masu kyau kan juna har hoto guda ya fito.

"Minti nawa?"

"Kwamfutar ba ta da ƙarfi, Kawu. Kamar awa biyu."

"Awa biyu! A kan ɗigon fitila? Uwar amarya ƙarfe huɗu za ta zo, kin kuwa san bakinta." Ya janye linzamin kwamfutar daga hannunta, ya shiga intanet, ya zaɓo wata Zuhal ƙatuwa, zobenta a buɗe kamar faifai, kala har kala. "Ga ta nan. Buga masa babba, ki sa a firam. Mutumin da ba ya gani sosai, ai taimakonsa muka yi."

Ta buga. Ba ta iya musu da Kawu ba, ko a kan gishirin miya. Amma da ya fita sai ta sauke manhajar, ta saka bidiyon, ta ɓoye aikin a bayan fuskar amarya. Kwamfutar ta hau nishi. Kowane ƙurji sai ta jira kafin ya gogu. Sau biyu Kawu na leƙowa, sau biyu tana cewa zafi ne ya yi wa injin yawa.

Uku saura kwata aikin ya ƙare. Hotuna ɗari tara suka tsira. Ta shiga ƙara wa hoton kaifi a hankali. Hannunta ya saba da wuce gona da iri, shekara biyu tana haska fuskoki har iyayensu su kasa gane su. Wannan karon da ta ga gefen ya fara fitar da abin da babu shi, sai ta ja da baya. Abin da ya rage ƙarami ne, bai fi ƙwayar wake ba, da ɗan dishi-dishi. Ta buga shi a takardar fasfo, ta kife a ƙarƙashin kofin shayinta.

Ƙarfe uku daidai ta ji sandarsa a bakin ƙofa. Ta tsaya jikin labule tana leƙe ta ɗan yagewar da ke tsakiya. Kawu ya miƙa firam da hannu biyu, yana washe baki. Tsohon ya zaro gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, ya bi hoton daga wannan gefe zuwa wancan. Ya daɗe.

"Kyakkyawa ce," ya ce. "Amma ba tawa ba ce."

"Haba Baba! Aikin kwamfuta ke nan, ita ke fito da abu."

"Ɗana, zoben nan juyawa yake da shekaru. Rabon da ya buɗe haka an fi shekara bakwai, lokacin idona biyu. Bana a kwance yake, siriri kamar hannun agogo." Ya ajiye firam ɗin a hankali. "Ba komai. Ba ni filash ɗina."

"Farfesa! Kawo filash."

Ta ɗauki filash. Ta kalli kofin shayin. Ta tuna ɗan ƙanen Kawu a bakin titi da jakarsa, ta tuna fuskar mahaifiyarta in ta gan ta ta dawo da ledar nan. Duk da haka da ta ɗaga labulen, ɗan hoton na hannunta.

"Baba, ga wannan ma," ta ce, ta ajiye masa hoton da filash ɗin a kan kanta. "Daga bidiyonka ne."

Ya mayar da gilashin ido. Ya ɗauki ɗan hoton ya matso da shi kusa.

"Ita ce. Kin ga layin? Har inuwarsa a jikinta." Ya ɗago yana neman fuskarta da bututun idonsa har ya same ta. "'Yata, kin taɓa ganinta da idonki?"

"A littafi dai."

"A littafi! To madubin na nan saman ɗakina, matata ma ta gaji da kallo. Ki zo bayan faɗuwar rana."

"Ba ta fita," in ji Kawu. Murmushin kwastoma na fuskarsa har yanzu, amma jijiyar wuyansa ta tashi.

Tsohon ya yi kamar bai ji ba. Ya tura filash ɗin gabanta da yatsa. "Akwai wasu bidiyon goma sha ɗaya a ciki. In kin gama a kai mini gida, bayan asibitin ido, ƙofa mai shuɗin fenti. Ni tsallaka titi ya fara fin ƙarfina."

Ya bar firam ɗin a kan kanta ya fita, yana lalube da sanda.

Kawu bai kalle ta ba. Ya jawo aljihun tebur inda ake ajiye kayan kwastomomi, ya bar shi a buɗe. "Sa shi nan, ni zan kai. Maganarmu kuma sai mun je gida. Saura minti arba'in uwar amarya ta iso."

Wayarsa ta yi ƙara, ya juya baya yana amsawa. Ta tura aljihun ya rufu da ƙarar da zai ji. Sannan ta koma bayan labule ta zauna gaban goshin amarya, filash ɗin a dunƙule cikin tafin hannunta na hagu, ta ci gaba da aiki da hannu ɗaya.