Ranar da Ba-sauka Ya Sauko

Shekara goma sha tara ina tuƙa injin ɗaga kaya, dogon nan da ake kafawa a wurin ginin bene, wanda ma'aikata ke ce wa kiren. Ɗakin direba yana can ƙoli, bai fi akurkin kaji ba, gilashi ta gaba, ta gefe, har ƙarƙashin ƙafa. Kafin ka kai shi sai ka taka tsani mai matakala ɗari biyu da sha huɗu. Nakan hau kafin leburori su iso, ba na saukowa sai sun watse. Shi ya sa aka laƙaba mini Ba-sauka, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana fasa mini kai.

Sirrin ba wani abu ba ne, ba na shan ruwa. Sauran direbobi kan hau da roba biyu, ɗaya cike, ɗaya babu komai, kun dai san amfanin ta biyun. Ni kuwa na ce da girmana ba zan yi fitsari a roba ba, balle in sauko da ita a hannu kamar na kawo tsaraba. Sai na toshe hanyar tun daga farko. Shayi kofi ɗaya da safe, shi ke nan sai yamma.

Matata ta rasu shekara shida ke nan. 'Yata, ita kaɗai gare ni, tana aure a wani gari mai nisa, takan kira ni ƙarshen mako. A ɗakina ba abin da ke motsi sai fanka. A sama kuwa akwai murya a oba-oba, 'yar rediyon da muke magana da ita, ta mai ba ni hannu daga ƙasa: "Sama. Dama kaɗan. Tsaya." Ba hira ba ce, amma da ni ake. Mutum arba'in ba sa ɗora bulo ɗaya sai na miƙo musu. Ban da wannan kujerar, ban san inda ake bukatata a duniya ba.

Bara waccan ciwon ciki ya sa ni gaba, na rame har wandona yana zamewa, bayan gidana ya koma mai maiƙo. Likitar da ta duba ni, wata mace mai gilashi da ba ta san wasa ba, ta ce akwai wata 'yar tsoka bayan tumbi, fankiriyas, ita ke fitar da ruwan da ke narkar da maiƙon abinci. Tawa ta gaji. Ta rubuta mini kafso, ta ce in haɗiya tare da kowane abinci.

Tare da abinci! Abincin ranata a sama nake ci, kuma kafso ba ya wucewa sai da ruwa. Sai na yi dabara irin tawa. Na riƙa haɗiye na yini gaba ɗaya da shayin safe, ina ganin ai ciki ɗaya za su.

A hankali fitsarina ya fara canzawa. Ya yi duhu kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Daga baya sai zafi, sai in ji ya matse ni kamar zan fashe, in je kuma ɗigo uku ne. Wata safiya na ga ja a ciki. Na tsaya ina kallo, na kora ruwa, na sa takalmina na tafi aiki. Dokar kamfani a fili take: direban da ke da ciwon da kan iya kama shi ba zato, ba ya hawa. In na buɗe baki, kujerar ta tafi.

'Yata ta kira a makon. "Baba, muryarka ta yi ƙasa. Lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, uwata. Waya ce ba ta da kyau."

"Kana shan maganinka?"

"Ko ɗaya ba ya wuce ni," na ce. Kuma ban yi ƙarya ba.

Abin ya zo ne wata ranar Talata, wajen sha ɗaya na safe, ina ɗauke da daurin rodi a ƙugiya, mutane a ƙarƙashinsa suna jira. Wani ciwo ya soke ni a kwiɓin dama, ya gangaro har mara. Ban taɓa jin irinsa ba. Gumi ya karyo mini, idona ya rufe.

"Direba, ƙasa. Direba? Ƙasa mana!" in ji mai ba ni hannu ta oba-oba.

Na cije leɓe na sauke rodin nan a hankali, sai da na ji an ce "Ya zauna." Sannan na kashe inji, na yi amai a cikin hular kwanona, na kama tsani. Matakala ɗari biyu da sha huɗu, kowace ɗaya sai da na roƙe ta. Sau biyu ina rungume ƙarfe ina kuka, ni da ban yi kuka a gaban kowa ba ko ranar da matata ta rasu. A can ma ba wanda ya gani.

Da ƙafata ta taɓa ƙasa sai na zube. Leburori suka taru a kaina.

"Wannan tsohon daga ina?" in ji ɗaya.

"Ko mai kawo abinci ne?"

"Wa ya bar shi ya shigo ba hula?"

Sai da foman, shugaban ma'aikatan, ya zo da gudu. "Ku matsa, Ba-sauka ne!" Suka dube ni, suka ɗaga kai suka dubi injin, kamar a can na gaskiyan yake.

A asibiti aka yi mini allura, aka sa ƙarin ruwa, aka ɗauki hoto. Likitar nan dai ce. Ta ce tsakuwa ce a ƙoda, ɗaya ta taho ta maƙale a hanyar fitsari, biyu suna jiran layi.

"Baba, yaya kake shan kafson?"

Na faɗa mata. Ta cire gilashinta ta ajiye.

"Ruwa fa? Kofi nawa a yini?"

Na ɗaga yatsa ɗaya.

"To ai kai ka gina su da hannunka," ta ce. "Kafson da ka sha da safe ya wuce kafin abincin rana ya iso. Maiƙon da bai narke ba yakan sa hanji ya tsotsi wani irin gishiri da ya kamata ya fita a bayan gida. Gishirin ya bi jini ya je ƙoda, ba ruwan da zai wanke shi, sai ya dunƙule. Masu ciwon fankiriyas da yawa suna haɗuwa da wannan. Tun yaushe kake ganin jini?"

"Wata biyu."

"Ba wanda ka gaya wa?"

Wa zan gaya wa, fanka?

Ta ba ni rariya irin ta tace shayi, ta ce in riƙa fitsari ta ciki. Kwana huɗu ina ɗakina ina ɗirkar ruwa ina zarya. A na biyar tsakuwar ta faɗo. Na sa ta a tafin hannu, ko ƙwayar shinkafa ta fi ta girma. Ni da nake ɗaga tan biyar da yatsa biyu, wannan ce ta sauko da ni. Na yi dariya ni kaɗai, dariyar ba ta yi nisa ba.

Foman mutumin kirki ne, bai kore ni ba. "Baba, sama kam ta ƙare, takardar likita ta zo. Amma ba wanda ya san injin nan kamarka. Ka riƙe oba-oba ka riƙa ba sabon direba hannu. Ga banɗaki nan kusa."

Sabon direban magidanci ne, daga wani kamfani aka ɗauko shi. Ranar farko na tsaya a gindin tsani da ƙatuwar robar ruwata, na ga zai hau hannu rabbana.

"Malam, ba ka ɗauki ruwa ba."

"Bar shi, Baba," ya ce yana murmushi. "An ba ni labarin wanda ya riƙe injin nan kafin ni. Shekara sha tara bai taɓa saukowa da rana ba. In shi ya iya, ni ma zan iya."

Kafin in haɗa kalmomi ya yi nisa. Na bi shi da ido har ya shige akurkina ya ja ƙofa.

Da rana ta take, na kasa haƙuri. Na danna oba-oba.

"Direba, kana ji na? Ni ne Ba-saukan da aka ba ka labari. Ka sauko ka sha ruwa. Leƙo ƙasa ka gan ni."

Na ɗaga hannu ina kaɗawa.

"Baba, daga nan duk hular kwano iri ɗaya ce, ban san wanne ne kai ba. Ga siminti yana jira. Sama ko ƙasa?"

Gaskiya ya faɗa. Shekara sha tara haka nake ganinsu ni ma. Na sauke hannuna.

"Sama," na ce.