Zuƙa Biyu a Bakin Shago

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni ko a gida sai an ce in ɗaga murya. Ƙafar Yaya ce ta sa na daure.

Yayana tela ne, ni nake ɗinka masa maɓallai a ƙuryar shago. Bai kai talatin ba, amma da ya ɗan taka keken ɗinki sai ya tsaya yana matsa ƙafa. Yatsun ƙafarsa suka yi sanyi, ɗaya ya fara baƙi. Inna ta yi ta gasa masa da ruwan zafi. Ranar da ya dafe ƙirji ya kife kan yadin mutane, muka kwashe shi sai asibiti.

Likita ta ce zuciya ce, Allah ya taƙaita. Ta ce yana da wata cuta da ba a cika gani ba, jijiyoyin jini ne ke kumbura su toshe, kuma matasa masu shan taba ta fi kamawa.

"Yatsa ɗaya ya tafi," in ji ta. "Ka ƙara ko kara guda, ƙafar za ta bi shi."

Yaya ya rantse ya daina, kuma bai sake saye ba. Sai dai kullum da safe abokansa kan taru a bencin ƙofar shago. Dogo mai gyaran babur ya kunna guda, ta yi ta zagaya hannu.

"Tela, ungo, zuƙa biyu."

"Na daina fa."

"Wa ya ce ka saya? Ai cutar mai saye take bi!"

Aka kwashe da dariya, Yaya ya karɓa. Ta bayan labule nake kallo.

Da suka watse na ce, "Yaya, ba ka daina ba?"

"Auta, shan taba shi ne ka saya ka shanye. Wannan zumunci ne."

Ban iya musu ba, amma na san abu ɗaya. Duk rashin jinsu, ba sa busa hayaƙi a gaban ƙanwar aboki. Ko ruwa na kawo, sai su ɓoye karan a baya.

Washegari na riga kowa zuwa. Na ɗauko farantin maɓallai na zauna a tsakiyar bencin. Dogo ya iso da kara a bayan kunne, ya yi turus.

"Auta, lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya Dogo. Ciki akwai duhu. Daga yau nan zan riƙa aiki."

Na zura zare a allura, na jawo rigar farko.