Ta Biyar a Kan Kanta

Ranar Litinin shugaban makaranta ya bugo mini waya, wai in zo in kwashe tarkacena daga ɗakin gwaji kafin Alhamis, za su kafa allon lantarki a bangon da kantata take. Tarkace! Shekara talatin da ɗaya ina koyar da ƙwayar zarra da su, yau sun zama tarkace. Na ce masa to. Tun da na yi ritaya na rage faɗa, ba don bakin ya mutu ba.

Siffofi biyar ne a jere a kan kantar, kowacce na nuna yadda masana suka ɗauki ƙwayar zarra a zamaninsu. Ta farko ƙwallon katako ce, lokacin da aka ce dunƙule ce ba ta rabuwa. Ta biyu curin yumɓu ne da na cusa wa duwatsun ado, don an gano akwai ƙananan ƙwayoyin lantarki a ciki. Ta uku ɗan dutse ne a tsakiyar faffaɗan zoben waya: an harba ƙwayoyi ga siririn fallen zinariya, kusan duk suka wuce abinsu, 'yan kaɗan suka dawo, aka gane nauyin yana cibiya, saura fili ne fayau. Ta huɗu zobba ne hawa-hawa. Ta biyar kuwa auduga ce kawai, da ɗan dutse a ciki, saboda a ƙarshe an ce ba a iya nuna inda ƙwayar lantarki take, sai dai inda aka fi sa ran samunta.

Ɗaya nake fitowa da ita a mako. In dage cewa ita ce gaskiya, ɗalibai su zana su haddace, mako na gaba in kawo gwajin da ya kayar da ita, in ture ta gefe. Sai aji ya kaure: "Malam, ka yaudare mu!" In ce ba ni ba ne, haka masanan ma suka sha.

Audugar ta matata ce. Matashin kanta ta farke ta ɗebo mini, tana tsiya: "Shekara ɗari suna bincike, ƙarshenta ba su san inda abin yake ba? Ai ko ni na fi su, na san inda ka yar da tabaranka." Bara waccan ta rasu. 'Ya'ya duk sun watse, sai waya.

Abu ɗaya nake so: su biyar ɗin su zauna tare, a gaban ɗalibai. Gidana shiru ya yi masa yawa.

Da na je makarantar, malamar da ta gaje ni na tarar, yarinya mai ladabi, har da ba ni kujera.

"Baba, wallahi wurin guda ɗaya ne ya rage, saman kabad," in ji ta. "A bar mana ta daidai ɗin."

"Ta daidai? 'Yata, babu ta daidai. Ta audugar nan dai ba a kayar da ita ba tukuna. In babu huɗun nan a bayanta, wa zai gane ta?"

Ta yi dariya, ta ce huɗun suna cikin na'ura, har juyawa suke yi. Raina ya ɓaci, amma na bar mata audugar. Na so in faɗa mata ta wace ce, har na buɗe baki, girman kai ya hana ni. Tsoho da ni, in tsaya ina ba yarinya labarin matashin kai?

Na kai huɗun gida a kwali, na jera su a teburin cin abinci, tun da ba mai ci a kansa yanzu. A tsaye nake cin nawa a kicin.

Ranar Talata malamar ta bugo. Mai shara ta ga tsohuwar auduga ita kaɗai a saman kabad, ta haɗa da bola, an riga an ƙone. Matar nan fa shekara goma sha biyu tana goge kantata, ba ta taɓa kuskuren taɓa audugar ba, don a jere take ganinta.

"Baba, ka yi haƙuri don Allah. Zan sayo sabuwa a kemis. Kowace auduga za ta yi, ko?"

"Za ta yi," na ce mata. Gaskiya ce kuma, ba zan koya wa malama ƙarya ba.

Na ajiye wayar, na zauna. Kewa ta taso mini irin ta ranar jana'izar matata, ga shi ba wanda zan yi wa faɗa sai kaina. Can na tashi na matsar da huɗun gefe guda, na bar wurin ta biyar a ƙarshen teburin. Kullum da safe, in ina goge su, har wurin nake gogewa.